Canza Batirin Agogon Zamani da Hannunka, da Yadda Ake Sake Rufe Shi a Gari Mai Laima Irin Legas

Agogon zamani, wato wanda ake haɗawa da waya yana nuna saƙonni, yana ƙirga taku da bugun zuciya, ba ya mutuwa rana ɗaya. Sa'ad da yake sabo caji ɗaya kan kai shi yini guda ko fiye, amma bayan shekara biyu ko uku sai ka tarar wanda aka cire daga caja bayan sallar asuba a Agege ya ɗauke tun kafin mai shi ya rufe shago a Mile 12. Wannan tsufa ne irin na batirin litiyam, kowanne kuma haka yake ƙarewa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin agogonsa ne domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1000, wanda kuwa yake cinye cajinsa kullum zai cika wannan adadi kafin shekara uku. Zafi yana gaggauta tsufan, mu kuwa a nan ba mu da ƙarancin zafi.

Cire tsohon batir da sa sabo aiki ne da mai natsuwa zai gama cikin sa'a guda. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rufewa, domin agogon da aka buɗe aka mayar da murfinsa sama-sama yakan yi aiki lafiya ƙalau na mako biyu ko uku, daga nan sai danshi ya sami kafa ya shiga, tsatsa ta ci cikinsa, mai shi ya ɗora wa sabon batirin laifin da ba nasa ba. A Legas ruwan sama yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, iskar garin kuma tana ɗauke da laimar teku kusan duk shekara. Ka haɗa wannan da zufa mai gishiri da ke kwanciya a ƙarƙashin agogo idan mutum ya makale a cunkoso cikin danfo, ka ƙara da alwala sau biyar a rana, sai ka gane dalilin da ya sa mafi yawan bayanin nan zai tsaya ne a kan rufewa.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka tabbatar batirin ne ke da matsala. A agogon da ake caji ta ƙananan ɗigon ƙarfe na bayansa, zufa takan bar wani kore-kore ko baƙi-baƙi a kan ɗigon, sai wuta ta kasa shiga yadda ya kamata, alhali gogewa da auduga da ɗan sifirit ta isa ta magance abin. Ka gwada wata caja, ka kashe tsarin da ke barin fuskar agogo a kunne koyaushe, ka ga ko za a sami bambanci. Apple Watch yana nuna lafiyar batirinsa a cikin saituna, sai ka duba ka ga kashi nawa ya rage. Idan kuwa ka lura gilashin fuska ya fara ɗagowa da kansa ta gefe ɗaya, ko bayan agogon ya yi tudu, to batirin ya kumbura, ka daina sa shi a caji daga wannan lokaci kuma ka daina ɗaura shi. Wanda agogonsa bai fita daga garanti ba, shawarata ya mayar wa masu shi, domin buɗewa da hannu tana soke garantin.

Sanin irin agogon da sayen batir

Agogunan nan ba hanya ɗaya ake shiga cikinsu ba. Akwai waɗanda aka ɗaure murfin bayansu da ƙananan notuna, kamar Galaxy Watch na Samsung, wanda notuna huɗu ne masu tsaga uku kamar harafin Y ke riƙe da shi, a ƙarƙashin murfin kuma akwai zoben roba da ke hana ruwa shiga. Waɗannan su ne mafi sauƙi ga sabon shiga. Akwai waɗanda ta gaba ake buɗe su, kamar Apple Watch, inda gam ne kaɗai ke riƙe da gilashin fuska, sai an ɗumama shi an ɗaga. Sannan akwai tarin masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda murfinsu danna shi aka yi ko aka liƙa da gam, batirinsu kuma da dalma aka haɗa wayoyinsa. Ka juya agogonka ka duba da kyau, ka karanta lambar samfurinsa da aka rubuta a baya, domin da ita za ka je kasuwa, ba da suna kawai ba. Galaxy Watch4 na 2021, alal misali, ƙaramin mai milimita 40 batirinsa 247 mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), babban mai milimita 44 kuma 361 mAh, suna ɗaya amma ɗayan ba ya shiga gurbin ɗayan.

A Computer Village da ke Ikeja, musamman kewayen titin Otigba, da kasuwar Alaba International da ke Ojo, ana samun masu sayar da kayan gyaran waya, a wurinsu ake neman batir da gam da ƙananan sukuddirebobi. Abu uku za ka duba a jikin batir. Na farko ƙarfin wutarsa, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Batirin da aka rubuta 3.7V a jikinsa yana cika ne a 4.2V, mai 3.8V yana cika a 4.35V, mai 3.85V kuma a 4.4V. Idan ka sa mai 3.7V a agogon da aka tsara shi ya tura caji har 4.4V, kullum za a riƙa ɗura masa abin da ya fi cikinsa, ƙarshensa kumburi, wani lokaci ma fiye da kumburi. Na biyu girmansa. A kan batiran agogo masu araha akan buga lamba shida, kamar 402025, ma'anarta kauri milimita 4.0, faɗi milimita 20, tsawo milimita 25. Wanda ya ɗan gaza tsohon girma ba laifi, amma wanda ya fi shi kauri ko da rabin milimita ne kada ka karɓa, domin zai tokare murfi, murfin da aka tokare kuwa ba ya rufuwa. Na uku bakin da yake haɗuwa da injin agogo, ko ɗan soket ne, ko waya biyu, ko waya uku.

Kada adadin mAh mai yawa ya ruɗe ka. Batirin da girmansa ɗaya da tsohon naka amma aka rubuta masa ninki biyu na ƙarfi, rubutu ne kawai. Kafin ka biya kuɗi ka ce wa mai shago, "Oga, a ɗora mini shi a mita tukuna." Sabon batir mai lafiya yakan nuna tsakanin 3.6V da 3.9V, wanda kuwa ya faɗi ƙasa da 3.0V ya daɗe a ajiye har ya galabaita, ka bar masa abinsa. Idan agogonka na gam ne, ka nemi zirin gam da aka yanka daidai da samfurinsa, kuma ka sayi guda biyu, domin da wuya wanda bai taɓa liƙawa ba ya dace a karon farko. Ga masu agogo mai araha da ba a san lambar batirinsa ba sai an buɗe, babu makawa sai ka buɗe ka ɗauki hoton batirin ka tafi da shi kasuwa, amma kada ka bar agogon a buɗe a kan tebur. Ka sa shi a roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sauran kayan aikin ba su da yawa: sukuddireba mai baki uku, lamba Y00 ko Y000 ga Samsung gwargwadon samfuri, Y000 ga Apple, ko ƙaramar mai gicciye ga wasu, sai hantsaki, da 'yar tsinkar roba mai faɗi ta ɓamɓare murfi ko tsohon katin banki da aka fiƙe gefensa, da tsinken sakace, da auduga, da robar ɗaure kuɗi, da sifirit irin na masu gyaran waya da ake kira isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Mai rauni ruwa ya yi masa yawa, ruwa kuwa shi muke gudu.

Buɗewa da cire tsohon batir

Ka bar cajin agogon ya sauka ƙasa da kashi 25 kafin ka fara, domin batirin litiyam da ke cike shi ne ke kamawa da wuta idan aka huda shi bisa kuskure. Ka bar agogon ya tura bayanansa zuwa waya, sannan ka kashe shi ka cire maɗaurinsa. Ka goge jikinsa da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, musamman tsagar da murfi ya haɗu da jiki, domin dauɗar shekara biyu da ta taru a wurin ciki za ta faɗa da zarar ka buɗe. Ka yi aikin da rana kusa da taga don kada ɗaukewar wuta ta bar ka cikin duhu da noti a hannu, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, ka kashe fanka ko ka juyar da ita, ka nesanta yara. A gefenka ka ajiye kwanon ƙarfe da yashi a ciki. Mai yiwuwa ba za ka buƙace shi ba, amma idan batir ya fara hayaƙi babu lokacin fita neman yashi. Kowane mataki ka ɗauki hotonsa da waya, domin bayan sa'a guda ba za ka tuna ta ina wata igiya ta bi ba.

Idan agogon mai noti ne, ka danna sukuddireba sosai cikin kan notin kafin ka murɗa, domin waɗannan notuna ƙanana ne ƙwarai, zufa kuma takan sa su cije, idan kan ya lashe kuwa aikin ya koma na wani. Ka zana siffar agogon a takarda ka ajiye kowane noti a gurbinsa, musamman na ciki, waɗanda tsawonsu kan bambanta. Bayan ka kwance su sai ka sa tsinkar roba a tsagar ka ɗaga a hankali. A nan ne na yi tawa asarar a karon farko: na fincike murfin kamar na gwangwani, ban san cewa wata siririyar igiya mai kama da zirin leda, wadda masu gyara ke kira fileks, ta haɗa murfin da injin ba. Ta tsinke, agogon kuma bai ƙara auna bugun zuciya ba har yau. Ka ɗaga murfin kaɗan kawai, ka leƙa ka ga ta wane gefe igiyar take, ka buɗe ta ɗaya gefen kamar littafi, sannan ka ɓalle bakinta daga allon injin da tsinkar roba.

Idan na gam ne, sai an sassauta gam ɗin da ɗumi. Na'urar busar da gashi ta isa, ka riƙe ta nesa kaɗan kana zagayawa na minti ɗaya ko biyu har gilashin ya yi zafin da yatsa ke iya jurewa na ɗan lokaci. Idan babu wuta, gora mai ruwan zafi da aka rufe sosai aka goge jikinta ta bushe, a ɗora ta a kan gilashin na minti biyu ko uku, tana yin aikin. Kada ka kusanci murhu ko kyandir, domin batirin da ke ciki ba ya son zafin da ya wuce digiri 60. Daga nan ka sa bakin reza ko siririyar wuƙa a tsagar, kada ya shiga fiye da milimita 2, ka ɗan buɗa kafa, ka maye gurbinsa da tsinkar roba ka zagaya. Idan ya cije ka sake ɗumamawa maimakon ka ƙara ƙarfi. Masu Apple Watch daga na farko na 2015 har zuwa Series 5 su sani cewa a ƙarƙashin gefen gilashin akwai wani siririn zobe mai jin dannawa da ake kira Force Touch, wanda reza kan yanka cikin sauƙi, sai daga Series 6 na 2020 aka daina sa shi. Idan naka na da ne, ka sayi sabon zoben tare da batir.

Da zarar ciki ya bayyana, abin da za ka fara raba wa da allon injin, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ne batir, domin muddin yana haɗe akwai wuta a jikin allon, hantsakin ƙarfe kuma yana iya haɗa wurare biyu ya ƙona wani abu. A wasu agogunan batirin yana ƙarƙashin allon, sai an ɗage shi tukuna. Yawanci gam mai fuska biyu ne ke riƙe da batir. Ka ɗiga sifirit ɗigo biyu ko uku a gefensa, ka jira minti biyu ya ratsa, sannan ka sa tsinkar roba ta ƙasa ka ɗaga sannu a hankali. Ƙarfe ko abu mai tsini bai kamata ya kusanci jikin batir ba, domin fatarsa 'yar siririyar leda ce mai ruwan azurfa. Idan ka ji wani ƙamshi mai zaƙi kamar na maganin goge farce, ko ka ga hayaƙi, ko ya fara zafi da kansa, ka ture shi cikin yashin nan ka fitar da kwanon waje. Batirin da ya lanƙwashe wajen cirewa ba a mayar da shi ko da don gwaji ne.

Wanda batirinsa na dalma ne, idan bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba, gara ya kai wa mai gyaran waya ya haɗa masa wayoyin kawai, shi ya ƙarasa sauran a gida. Idan kuwa ka iya, ka cire waya ɗaya ka naɗe bakinta da salatif kafin ka taɓa ta biyu, haka ma wajen haɗa sabon. Ka bi alamar + da − da aka buga a kan allon, kada ka dogara da launin waya kaɗai. Waya ta uku, idan akwai, ta auna zafin batir ce, agogon da ke buƙatarta kuma yakan ƙi karɓar caji idan babu ita.

Ka kankare ragowar tsohon gam daga gurbin, ka kafa sabon batir da ɗan zirin gam mai fuska biyu, ka haɗa shi, ka mayar da igiyoyin, kowacce ka danna ta da yatsa har ka ji ta zauna. Kafin ka sa gam ko ɗigo ɗaya, ka ɗora murfin haka nan ka kunna agogon. Ka gwada taɓa fuska ta kowane lungu, ka gwada maɓallai, ka duba ko koriyar fitilar baya tana kamawa, ka ɗora shi a caja ka ga yana karɓa. Duk abin da ka manta a wannan gaɓa, sai ka sake ɓamɓare abin da ka liƙa kafin ka gyara shi. In komai ya yi, ka sake kashe shi.

Rufewa

Gam ba ya kama dauɗa, ba ya kama maiƙo, ba ya kuma kama tsohon gam. Saboda haka rabin aikin rufewa sharewa ce. Ka bi gefen jikin agogon da gefen murfin ko gilashin da tsinken sakace kana tsince tsohon gam ɗiɗɗigi-ɗiɗɗigi, sannan ka naɗa 'yar auduga a bakin tsinken ka jiƙa da sifirit ka goge, ka canza auduga ka sake, har sai ta fito fara. Wannan yakan ci minti ashirin ko fiye, kuma shi ne wurin da gajiya ke sa mutum ya ce ai ya isa. Bai isa ba sai ka karkata agogon a haske ka ga gefen yana sheƙi babu ko ɗigo. Bayan haka kada yatsanka ya ƙara taɓa wurin, ka bar shi ya bushe sarai, ka kuma tabbatar babu zaren auduga ko ɗaya da ya maƙale, domin gashi guda da ya gitta gefen ya isa ya zama hanyar ruwa.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: iskar da ka rufe a cikin agogo tana nan ciki tare da laimarta. Wanda ya rufe agogonsa ana tsakiyar ruwan Yuni, tagogi a buɗe, ya kulle danshi ne a ciki da hannunsa, ranar da ya shiga banki ko ofis mai sanyin na'ura sai danshin ya zama raɓa a kan allon. Idan da hali ka rufe shi a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, domin tana busar da iskar ɗaki, in babu kuma ka zaɓi ranar da gari ya buɗe, ka bar agogon ya kwana a robar nan mai ƙunshin tsotse danshi, ka fito da shi ka rufe nan take.

Ga agogo mai zoben roba, ka zare zoben da tsinken sakace ba tare da ka ja shi ya miƙe ba, ka duba shi a haske. Idan ya tsage, ko ya baje ya daina zama kewayayye, ko ya yi tauri, sabo yake bukata. Idan lafiyarsa ƙalau, ka goge shi ka goge kwarmin da yake kwanciya, ka shafa masa man silikon ɗan kaɗan, gwargwadon yadda zai yi sheƙi kawai. Kada ka sa basilin ko man kaɗe ko baƙin mai, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura wasu robobin ya lalata su, man ci da na shafawa kuma suna tara ƙura. Ka mayar da zoben cikin kwarminsa ka bi shi da ido zagaye guda, kada ya murɗe, kada wani sashe ya hau gefe. Wajen ɗaure notuna, ka sa dukkansu su kama kaɗan-kaɗan tukuna, sannan ka ƙarasa su a gicciye, na sama ta dama sai na ƙasa ta hagu, kamar yadda bakanike ke ɗaure tayar mota, domin murfin ya danne zoben daidai ta kowane gefe. Da noti ya tsaya ka tsaya, ƙarin murɗa ɗaya yana iya cinye zaren, noti mai cinyayyen zare kuwa ba ya danne komai.

Ga agogon gam, yankakken zirin da ka saya ya fi komai, domin kaurinsa ɗaya ne ko'ina. Ka ɓare ledar fuska ɗaya, ka ɗora shi da hantsaki daga kusurwa ɗaya, ka bi shi da tsinke kana dannawa. Idan ya karkace kada ka ja shi ka gyara, ka cire ka goge wurin ka ɗauko na biyun. Sai ka tabbatar igiyoyi sun haɗu kuma babu wadda ta leƙo waje, sannan ka ɓare ledar sama, ka daidaita gilashin, ka danna gefunansa da yatsu na minti ɗaya, ba tsakiyarsa ba. Ɗan ɗumi kaɗan bayan dannawa yana taimaka wa irin wannan gam ya kama.

Idan ba a samu yankakke ba, gam ɗin da masu gyaran waya ke amfani da shi, B-7000 mai haske ko T-7000 baƙi, shi ne madadin. Amfaninsa shi ne ko ya bushe yana nan da taushi kamar roba, yana jure motsi, kuma ɗumi yana sake shi idan wata rana an so buɗewa. Ka matso ɗan kaɗan a kan takarda, ka riƙa ɗiba da bakin tsinke kana ja a gefen, zare ɗaya siriri wanda bai yanke ko'ina ba. Yawan gam ba ya ƙara tsaro, ciki yake malalawa ya kama maɓalli ko ya toshe wata kafa. Ka jira minti uku zuwa biyar ya fara danƙo kafin ka haɗa. Abin da ya bullo ta waje ka bar shi ya ɗan bushe, zai murje da yatsa.

Sufa gulu kuwa kada ya zo kusa da agogo, ko da shi kaɗai ne a gidan. Yana bushewa da tauri kamar gilashi, sai ya tsage da zarar agogon ya bugu, tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashin na'urar auna bugun zuciya, kuma ranar da wannan batirin ma ya tsufa sai an fasa agogon kafin a shiga. Haka nan ka kiyayi ƙananan ramukan da ke gefen agogo. Na makirufo ne da lasifika, a wasu kuma da na'urar auna nauyin iska, kuma bayan kowanne akwai wata 'yar tantani da ke barin iska ta wuce ta tare ruwa. Wanda ya cusa allura don ya share ramin ya huda ta, wanda ya toshe shi da gam don tsoron ruwa kuma ya kurmantar da agogonsa.

Bayan haɗawa sai matsewa. Ka naɗe agogon da ƙyalle mai laushi, ka ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi guda uku ko huɗu ta tsaye da ta kwance, ba tare da sun danne maɓalli ba. Yankakken ziri ya samu sa'o'i kaɗan, kwana ɗaya ya fi. B-7000 yana buƙatar sa'a 24 aƙalla, cikakkiyar bushewarsa takan kai sa'a 48, ni kuwa a wannan gari kwana biyun nake ba shi. A tsawon lokacin kada ka sa shi a caji, domin ɗumin caji yana sassauta gam ɗin da bai gama kamawa ba.

Idan ka kwance, ka zagaya tsagar da gefen siririyar takarda, duk inda ta shige akwai kafa, sai an sake. Kada ka gwada aikinka da jefa agogon a bokiti. Rubutun IP67 da ke jikin kwali yana nufin an gwada shi a zurfin mita 1 na minti 30, IP68 ya ɗara haka gwargwadon abin da kamfanin ya ayyana, 5 ATM kuma matsin ruwa ne daidai da na zurfin mita 50 a ɗakin gwaji. Duk waɗannan alkawura ne a kan sabon agogon da injin masana'anta ya matse, har kamfanin Apple da kansa yana faɗa cewa juriyar ruwa ba dawwamammiya ba ce, tana raguwa da tsufa. Abin da rufewar gida mai kyau za ta ba ka shi ne kariya daga zufa da yayyafi da fantsamar ruwa. Ka cire shi idan za ka yi wanka ko wanki, ka cire shi idan ruwa ya tare ka a hanya, ka kuma saba da zare shi ka sa a aljihu kafin alwala, wanda dama ya fi sauƙi wajen game hannu da ruwa har gwiwa. Sabulu da turaren fesawa suna cin gam da roba, saboda haka mai fesa turare a wuyan hannu ya bari ya bushe kafin ya ɗaura. Idan wata rana ka ga hazo a cikin gilashin baya, ka kashe agogon nan take ka buɗe shi ya bushe, kada ka jira ya gyaru da kansa.

Cajin farko ka yi shi kana kusa, a kan tayil ko faranti, ba a kan katifa ba, kana taɓawa lokaci-lokaci. Ɗumi kaɗan ba komai ba ne, zafin da ke sa ka janye yatsa kuwa alama ce ta cewa batirin bai dace ba ko ba shi da lafiya. Ka bar shi ya cika 100 ya ƙara sa'a biyu a kan caja, ka yi amfani da shi har ya mutu da kansa, sannan ka sake cika shi ba tare da yankewa ba, domin agogon ya koyi girman sabon batirinsa ya daina nuna kashi na ƙarya.

Tsohon batirin kuma ka naɗe bakinsa da salatif, ka sa shi a ƙaramar leda shi kaɗai. Kada ka jefa shi a shara, domin motar kwashe shara matse kaya take yi, kada kuma ka haɗa shi da tarkacen ƙarfen da za ka ba 'yan jari bola, inda ƙusa ko waya za ta iya huda shi a cikin buhu. Ka riƙe shi a wuri mai sanyi nesa da rana, ranar da ka sake shiga Ikeja ko Ojo ka tambayi mai shagon da ya sayar maka da sabon ko yana tara tsofaffi domin masu sake sarrafa tarkacen lantarki, ka miƙa masa.